Masauki da Ƴan Talabijin

Wanda ya fara cutar da ni a ƙasar Faransa ba Bature ba ne. Ɗan garinmu ne, Damagaram, unguwarmu ɗaya da iyayensa. Shi aka yi wa waya aka ce ga Zabairu nan zuwa karatu, ya riƙe shi kwana biyu a Paris kafin ya wuce Lyon. Ya ce ba komai, ai ƙanensa ne. Ya zo filin jirgi kuwa, ya rungume ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi saƙon da uwarsa ta ba ni, kilishi da yaji da ɗinkin salla. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa cikin gari. A wata babbar tasha ya zaunar da ni kan benci, ya ce in jira shi zai karɓo makullin ɗaki wurin wani aboki. Ya ɗauki saƙonsa, ya haɗa da ƙaramar jakata wadda rigar sanyina ke ciki, wai ya rage mini kaya. Har yau ban sake sa shi a ido ba.

Na zauna a bencin nan tun hantsi har la'asar, ina duban kowane baƙin mutum da ya ɓullo daga matakala. Mutane na wucewa kamar an koro su, ba mai kallon wani. Yunwa ta ci ni har ta gaji, azahar ta wuce ban san inda zan sa goshi ba, kuma ina tsoron in tashi ya dawo bai same ni ba.

Sai wani gajeren mutum da jakar leda a hannu ya wuce ni, ya dawo da baya, ya tsaya yana kallon ƙafata. Takalmin fata ne a ƙafar, ɗinkin garinmu, yatsu a waje cikin wannan sanyi.

"Kai kuwa ɗan'uwa, wa ya yada kai nan?" in ji shi, da Hausa.

Na ba shi labari. Ya saurara bai yi mamaki ba, ya ce wannan ba jira ba ne, in ɗauki akwatina. Sunansa Iliya, mutumin Ƙonni, wankin kwanoni yake yi a wani gidan abinci. Ya sa ni a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Montreuil, zuwa wani tsohon gidan ma'aikata baƙi da suke kira fwaye. Mafi yawan mutanen gidan ƴan Mali ne, Hausawa ƴan kaɗan. Ɗakin da aka yi don mutum biyu, na ga katifu a jingine da bango sun fi ƙarfin haka nesa. Iliya ya sayo mini shinkafa da miyar gyaɗa a ɗakin girkin gidan, ya ba ni katifarsa, ya ciro wata tsohuwar rigar sanyi ya ce in riƙe. Hannun rigar bai kai mini wuyan hannu ba, amma da ita na ci sanyin shekarar farko.

A ɗakin nan na fara ganin Masauki. Wata ƴar mujalla ce, takardarta ba mai ƙyalli ba, an ninke ta an cusa bayan bututun ɗumama ɗaki. Rabinta Faransanci, rabinta Hausa, da ɗan Zabarmanci da Bambaranci a shafin baya. A ciki akwai wanda ya rasu da yadda aka yi da gawarsa, da wadda ta haihu, da cigiyar waɗanda danginsu suka daina jin ɗuriyarsu. Akwai bayanin abin da mutum zai riƙa in zai je ofishin takardun zama, da inda ake duba marar lafiya ba tare da wulaƙanci ba, da gargaɗi kan macuta masu tare sababbin zuwa. Da na karanta wannan gargaɗin na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Iliya bai iya karatun boko sosai ba, don haka washegari na karanta musu ita daga farko har ƙarshe, suna tsayar da ni in sun ji sunan wanda suka sani. Dattawan gidan suka ce tun ina goye take zuwa musu, kuma a Lyon ake yin ta. Iliya ya ce in na isa in nemi kantin Hajiya Saude a unguwar Guillotière, in ce daga fwaye aka turo ni.

Da na isa Lyon ban nemi kantin da wuri ba. Jami'a a Bron, gefen gari, ta haɗiye ni. Ilimin harsuna na zo karanta, kuma na zo da taƙamar na iya Faransanci, sai ga malamai na magana ina tsintar rabi. Ɗakina kamar akurki, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Ranar Lahadi nakan wuni ban buɗe baki ba sai a salla. Azumi ya zo, na sha ruwa ni kaɗai da burodi da madara, ina tuna kunun tsamiyar gidanmu. Wata ranar Asabar da abin ya ishe ni, na hau taram, jirgin cikin gari, na sauka Guillotière.

Ƙamshin daddawa ne ya nuna mini ƙofar. Hajiya Saude mutuniyar Maraɗi ce, ƙatuwa, mai murya, tana zaune tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen kuka da kuɓewa busasshiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, wace uwa ta bar ka ka rame haka?" Kafin in amsa ta tura ni ɗakin baya, ta ce akwai tuwo.

A ɗakin bayan, bayan labule, na tarar da Malam Atto. Dogon tsoho ne siriri, mutumin Tawa, cikin wata kwat mai ruwan toka da ban taɓa ganinsa ba tare da ita ba. Ya zo Faransa yana saurayi, ya yi aiki a wata maɗaba'a har ya yi ritaya. Shi ya ƙirƙiro Masauki. Daga baya Hajiya ta gaya mini dalili: wani ɗan ƙasarmu ne ya faɗi a wurin aiki ya mutu, gawarsa ta yi makonni a ɗakin ajiya ba wanda ya san ko wane ne, alhali ɗan'uwansa na nan cikin gari yana nemansa. Malam ya rantse ba za a sake haka ba yana raye. Da wannan rantsuwar ya fara, da injin wurin aikinsa, da aljihunsa.

Mutum ne mai kaifin baki. Ranar farko ya miƙo mini shafi ya ce tun da ni ɗan jami'a ne in duba masa. Na gyara wata kalma, ya karɓa ya duba, ya mayar da ita yadda take, ya ce in je in tambayi malamaina. Da na duba, shi ke da gaskiya. Daga nan kowace Asabar ina ɗakin. Ina fassara, ina buga rubutu, ina ɗaure mujallu ɗauri ɗauri don ƴan kasuwa masu zuwa Paris da Marseille su tafi da su. Na gama karatu, na sami aikin tafinta a wata ƙungiya mai taimakon baƙi, na yi aure, amma Asabar ta Masauki ce. In na je Paris kuwa, ni ke kai ɗaurin fwaye da hannuna, in ci shinkafa da Iliya. Har lokacin bai sami takardu ba. Da sunan wani yake aiki, kamar yadda da yawa ke yi, kuma daga wankin kwanonin nan ya gina wa uwarsa ɗaki a Ƙonni.

Shekarar da Masauki ta doshi talatin, wata ƴar jarida ta shigo kantin. Sunanta Selin, daga wani gidan talabijin na Paris. Yarinya ce mai fara'a, ta cire takalmi kafin ta shiga ɗakin baya ba wanda ya ce ta cire. Ta ce ta ga mujallar a hannun wani direban tasi, ta yi mamakin yadda abu zai rayu shekaru haka ba tallafin kowa, kuma tana son ƙasar nan ta san da shi. Ta yi kwanaki tana zuwa. Ta ci tuwo da hannu, ta ƙone harshe da yaji ta yi dariya, tana kiran Hajiya "Mama". Ta zauna tana juya tsofaffin fitowa, ta ga shafin cigiya, na ga idonta ya kawo ruwa. Ban ce ƙarya ne ruwan ba. Har yau ban san abin da zan kira shi ba.

Ranar da ta zo da mai kyamara ta nemi abu biyu. Ta ce Malam ya cire kwat ya sa babbar riga, kuma ya yi magana da Hausa in fassara, wai zai fi kyau. Mutumin da ya fi ta iya rubuta harshenta. Na ji abin ya tsaya mini, na gaya wa Malam da Hausa cewa ban ga dalili ba. Ya ce in bari, yaran da aka haifa nan ba su taɓa jin harshen iyayensu a tele ba, bari su ji sau ɗaya. Hajiya ta aika gida aka ɗauko rigar maigidanta. Ta yi wa Malam yawa, ya zauna cikinta kamar an rataye ta a ƙusa.

Ya yi magana mai tsawo, kuma mai kyau. Ya ba da labarin gawar nan. Ya yi maganar tsofaffin da suka ƙare ƙarfinsu a masana'antun ƙasar nan, da ɗaliban da suka zama likitoci. Da ta tambaye shi game da marasa takardu, ya ce: "Wanda ya zo ba takarda, ba mu korar shi, ɗanmu ne. Muna nuna mashi hanyar da zai bi ta doka ya samu, in kuwa ba ta yiwuwa, mu gaya mashi gaskiya, don kada macuta su cinye shi." Na fassara mata kalma da kalma. Ta ce in maimaita, na maimaita, ta rubuta.

Sannan ta ce tana son ganin masu karanta mujallar a Paris. Dattijon fwaye, wani tsoho ɗan Mali da ke riƙe da al'amuran gidan, ya ƙi tun farko. Ya ce sun ga ƴan kyamara a da, ba su ga alheri ba. Malam ya kira shi da kansa, ya ce shi ya tsaya mata. Saboda shekarun da ke tsakaninsu tsohon ya yarda, da sharaɗi biyu: ba za a hau ɗakunan kwana ba, kuma duk wanda ya ce kada a nuna fuskarsa ba za a nuna ba. Selin ta ɗora hannu a ƙirji ta yi alkawari a gabana, ni na fassara alkawarin. Iliya ya yarda ya yi magana ya ba kyamara baya, yana riƙe da mujallar. Ya faɗi yadda ta shafin cigiya ya gano wani ƙanen babansa da aka ɗauka ya mutu. Da ya gama ya ce zai hau ya ɗan kwanta kafin aikin yamma. Muna ƙasa muna shan shayi da Selin, mai kyamara ya ce zai zaga ya ɗauki ginin daga waje.

Watanni suka wuce kafin ta aiko cewa za a nuna. Ranar, Hajiya ta rufe kanti da wuri, ta soya fanke, ta sa aka ɗauko talabijin daga gida aka ɗora kan buhunan shinkafa. Ɗalibai suka zo daga Bron, ƴan kasuwa suka zo da ƴaƴansu. Malam ya zauna a gaba cikin kwat ɗinsa, ya goge tabarau.

Abin da ya fara fitowa teku ne, da kwalekwale cike da mutane. Sai shingen waya, sai ƴan sanda na gudu. Wata murya mai nauyi ta ce yau za a nuna wa masu kallo hanyoyin ɓoye da baƙi ke bi su shigo ƙasar, da waɗanda ke taimaka musu su zauna. Wani yaro ya ce an yi kuskuren tasha. Ba a yi ba. Sai ga titinmu, an ɗauke shi ranar da ake ruwa, ga ƙofar kantin Hajiya da sunansa ɓaro ɓaro. Sai ga shafin Masauki mai bayanin ofishin takardu, an matso da shi har ya cika fuskar talabijin. Sai ga Malam cikin rigar aro, yana magana da Hausa, muryar wani Bature a kansa tana cewa: "Wanda ya zo ba takarda ɗanmu ne. Muna nuna masa hanya." Nan suka yanke. Mu da ke jin Hausa mun ji bakinsa ya kama kalmar "doka" a ƙarƙashin muryar Baturen, sai hoto ya koma kan teku.

Ba labarin gawa, ba shekara talatin, ba likitoci. Daga nan sai fwaye. Suka nuna Iliya ta baya yadda aka yi alkawari, ƴan daƙiƙu. Sai kyamara ta hau matakala, ta tura ƙofar da ba a rufe ba, ta shiga ɗakin. Ga katifu a ƙasa, ga tukwane, ga wanki a rataye. Ga Iliya kwance yana barci, baki a buɗe, fuskarsa a fili kamar rana, rigar aikinsa a rataye bisa kansa da sunan gidan abincin a ƙirjinta. Suka daɗe a kansa.

Ba wanda ya taɓa fanken. Da aka gama, Malam bai juyo ba, ya ce, "Zabairu, haka ka ce mata na ce?"

Na ce a'a, Malam.

"Na sani. Na ji kaina a ƙarƙashi."

Hajiya ta tashi ta zare wayar talabijin daga bango. Ta ce a gidan ubanta, wanda ya ci tuwonka da hannu ya zama naka, ashe a nan ɗanɗana gishirinka yake yi ya ji yadda za ka yi daɗi.

Kafin mako ya zagayo an rubuta zagi a ƙofar kantin da fenti. Mai maɗaba'ar da ke buga mana ya ce aiki ya yi masa yawa. Wani Alhaji ɗan Kano da ya daɗe yana sa tallar kamfaninsa a bangon baya ya zo da kansa, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce Malam ya yi haƙuri, harkar kwantena ba ta son ido. Wasu suka ce ni na sayar da mutane, tun da ni ne tafinta, ni na kai su fwaye. Na ji wannan a masallaci, a bayana. Ban ɗauki laifin ba, kuma har gobe ba zan ɗauka ba. Na fassara gaskiya, wasu suka sa almakashi. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ashe tashar na maimaita shirin a ɓangarenta da ake kamawa a Afirka. Aka fara kira daga Yamai, daga Maraɗi, daga Damagaram. Yayata ta ce sun gan ni a gefe, me na shiga?

Na ɗauki jirgi zuwa Paris. Ginin tashar duk gilashi ne. A ƙasa aka tsayar da ni, aka ce ba a hawa sai da alkawari. Na ce zan jira, na iya jira. Na zauna har masu gadi suka fara duban juna, sannan Selin ta sauko da kofin gahawa a hannu. Ta miƙo kumatu irin gaisuwarsu, na ja da baya.

Ta ce ita ma ranta ya ɓaci. Ta ce abin da ta haɗa daban ne, manyanta suka karɓa suka sa shi cikin wani shiri, saboda zaɓe ya matso kuma maganar baƙi ce ake so. Hoton ɗakin kuwa, wai ba ta san an ɗauka ba sai a wurin haɗawa. Na tambaye ta, da ta gani a wurin haɗawa, me ta ce? Ta dubi kofinta. Ta ce in gane, ita ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, in ta yi gardama gobe ba za a kira ta ba.

Na ce, "Ke kin ji tsoron kada a ƙi kiranki gobe. Shi da kika nuna yana barci, kin san abin da yake tsoro?"

Ta ce za mu iya rubuto ƙorafi, akwai ofishin da ke dubawa. Sannan ta faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin zafi a ƙeyata. Ta ce ko ba komai, yanzu mutane da yawa sun san mujallarmu.

Na gaya mata cewa shekara talatin waɗanda ke bukatar mujallar sun san ta, ba su jira ta ba. Na ce tsohon da ta sa wa rigar aro ya fi duk wanda ke saman benen nan sanin darajar kalma, don shi in ya yi kuskuren harafi ɗaya a sunan mamaci, sai ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Muryata ta hau, mai gadi ya matso. Ban zage ta ba. Na so in zage ta, amma na san in na yi, gobe ni ne baƙin da ya zo ya yi hauka a ofishin mutane. Ko fushinka a ƙasar nan sai ka auna shi kafin ka fitar. Mun rubuta ƙorafin daga baya. Amsar da ta zo ta ce sun gode da sha'awar da muke nuna wa shirye-shiryensu.

Daga can na wuce Montreuil. Dattijon gidan ya amsa sallamata, bai ce in zauna ba. Ya ce Iliya ba ya nan. Washegarin shirin mai gidan abincin ya kore shi, don kada hukuma ta zo ta same shi da ma'aikaci mai sunan aro. Ya kwashe kayansa ya bar fwaye saboda kada ya jawo wa sauran bincike. Tsohon ya shiga ciki ya fito da ɗaurin Masauki na watan da ya wuce, igiyar da na ɗaure da hannuna ba a kwance ba, ya ajiye a gabana.

"Ka gaya wa Atto ban ce shi macuci ne ba. Amma ya tsaya wa wadda bai sani ba, da mutuncin mutanen da ba nasa ba. Kada a sake kawo mana."

Na dawo da ɗaurin Lyon a kan cinyata. Malam ya dube shi, ya ce tsohon ya yi daidai. Abin da ya faɗa ke nan.

Bayan ƴan makonni muka ji an tare Iliya a bakin metro an tambaye shi takardu. Aka tsare shi, aka sa shi a jirgi aka mayar da shi gida. Ba zan ce shirin ne ya kama shi ba, don ana tare baƙar fata a bakin metro ko ba shiri. Amma mutumin da ya yi shekaru yana bin hanya ɗaya daga ɗaki zuwa aiki, shirin ne ya fitar da shi titi yana yawon neman wurin kwana.

Malam ya sami wata ƙaramar maɗaba'a a bayan gari. A fitowa ta gaba ya buga duk abin da ya faɗa wa kyamara, da Hausa da Faransanci, ya ja layi ƙarƙashin abin da suka yanke. Layin ya kusa cinye shafin. Kantuna da yawa suka ƙi karɓa. Hajiya ta jera su a kan teburinta kusa da sikeli, duk wanda ya sayi ko da gishiri ne sai ta cusa masa ɗaya a leda. Masauki ta ƙara wasu shekaru, tana ramewa, har wayoyin hannu suka karɓe aikin cigiya da sanarwar rasuwa. Fwaye ba ta sake karɓar ta ba. Malam bai ƙara taka Paris ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma a Lyon muka binne shi.

Na daɗe ban iya neman Iliya ba. Sai wani hutu da na je gida, a hanyar Yamai zuwa Damagaram na sauka Ƙonni. Na tambayi Iliya wanda ya zauna Faransa, ba wanda ya gane. Wani mai shayi ya ce, ko Ɗan Tele nake nufi? Ya nuna mini wata rumfa kusa da tasha.

Yana tsaye bakin tukunya yana zuba wa direbobi shinkafa. Ya yi furfura. Ya gan ni, ya ajiye ludayi, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya zaunar da ni, ya zubo mini da nama, ya tambayi Hajiya, ya tambayi Malam. Da na ce Malam ya rasu, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya ce sunan Ɗan Tele ya bi shi, har yara na kiransa da shi, ya daina jin haushi. Kora ma, in ji shi, ba ita ta fi ci masa rai ba, ai da ma wata rana zai dawo.

Abin da ya ci masa rai uwarsa ce. Shekaru yana gaya mata yana da ɗakinsa shi kaɗai, da gado, da na'urar ɗumi. A gidan maƙwabta aka kira ta ta zo ta ga ɗanta a tele, ta zo da murna, mata cike da tsakar gida. Ta tsaya ta kalle shi kwance a ƙasa kamar kayan wanki. Ta juya ta koma gida. Daga ranar ta sauka daga gadon da ya saya mata, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, tsohuwa mai ciwon ƙugu. Aka yi aka yi ta ƙi. Ta ce ba za ta hau gadon da ɗanta ya kwanta a ƙasa ya saya ba. A kan tabarmar ya dawo ya same ta, kuma ba ta ƙara tafiya daidai ba.

Na tsaya da ci. Na tambaye shi ko yana riƙe da ni a zuciya, tun da ni na kai musu ƴan talabijin.

"Kai mi ka yi mani? Ci abincinka."

Na ce, ita fa yarinyar, Selin?

Ya ɗauki ludayinsa, ya juya miyar, ya ce shi bai iya doguwar magana ba. Inna dai kafin ta rasu ta yi wa duk mai hannu a ciki Allah ya isa, tun daga wanda ya tura ƙofar har wanda ya ce a nuna.

"Ni kuwa na ce amin," in ji shi.

Na ajiye cokali, na ce amin.